An Ƙwace WhatsApp Ɗin Shagonmu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Hankalina a tashe yake. Ranar kasuwa wani ya kira ni, ya gaishe ni a tsanake, har ya tambayi shanunmu na Janbako. Ganin ya san mu, da ya nemi lambobin da suka shigo wayata, sai na karanta masa. Yanzu WhatsApp ɗin shagonmu yana hannunsa, yana yaudarar mahauta abokan cinikinmu da sunana. Bashir, mai kula mana da na'urori, ya ce zai dawo da shi. To mutuncina fa, wa zai dawo da shi?

Ku sa ni a addu'a, ka gaida Inna. Kada ka amsa saƙon lambata. Wannan dai ka san rubutuna ne.

Ƙaninka,
Lawali