A Maido Mini da Katin Gem na Philemon

Saje Dawuda Sakaba (mai ritaya),
Unguwar Rikoto, Zuru.
Litinin, 22 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Shugaba,
Kwamitin Sa Ido kan Gidajen Gem da Kallo,
Zuru.

Ranka ya daɗe,

Game da: Na'urar gem da aka ɗauke daga barandata

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni tsohon soja ne, ban saba kai ƙara ba. Wannan ce ta farko.

1. Ranar Lahadi, 7 ga Yuli, bayan an tashi daga coci, ma'aikatanka sun shigo gidana. Sun ɗauki na'urar gem da hannayenta biyu na bugawa, da ɗan katin ajiya da ke jikinta. Talabijin kaɗai suka bari.

2. Sun rubuta cewa gidan gem nake da shi ba da izini ba. Shaidarsu takalman yara ne da suka tarar a jere a bakin baranda, har hoto suka ɗauka. Yallaɓai, ni na jera su. Ba yaron da ke hawa tabarmata da takalmi, kuma ba na son a watsar da su kamar kasuwa. Haka aka koya mana a bariki. Ban taɓa karɓar komai daga hannun yaro ba. A baranda nake kunnawa domin nan wayar janaretan maƙwabcina take tsayawa.

3. Ba na jayayya da dokarku. Na ga yaran da ke gudun makaranta suna wuni a shagunan gem, ni ma na sha kora su gida da sanda. A rufe waɗannan shagunan.

4. Wannan na'ura ni na sayo wa ɗana Philemon a 2005, yana ɗan firamare. Gem ɗin ƙwallo ne. Shi ya haɗa ƙungiya a ciki, ya sa wa 'yan wasan sunayen abokansa na unguwa: Philip, Arzika, Mubarak da sauransu. Kansa ya ba lamba tara. Ni kuwa ya sa ni gola, wai don ba na barin komai ya wuce. A lokacin faɗa na yi masa. Duk wannan yana cikin katin, babu shi a wani wuri.

5. Philemon ya shiga soja. A 2018 aka tura su bakin Tafkin Chadi, bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba. Ba mu da kabari.

6. Ban iya buga gem ba. Na'urar tana iya buga wasa da kanta, nan kawai na sani. Duk Lahadi sai in kunna in zauna, in ga lamba tara yana gudu da sunansa a baya. Yaran unguwa kallo suke zuwa yi. In ya ci, su kira sunansa da ƙarfi. Mahaifiyarsa Rachel ba ta fitowa, amma ƙofar ɗakinta a buɗe take zama.

7. Na zo ofishinku ranar 9 da ranar 15 ga wata. Aka ce ba ka nan. Na ga kayan da aka kama a tare a tsakar gida, ba rufi, ruwa ya sha dukansu. An liƙa sanarwa cewa za a farfasa su a bainar jama'a ranar Juma'a, 26 ga wata.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a ciro mini katin kafin ranar. Baƙi ne, bai kai akwatin ashana ba, an rubuta P da jan fenti a bayansa. Na'urar ku riƙe.

Wani mai gyara ya gaya mini katin da ruwa ya shiga da wuya ya tashi. Na ji. Duk da haka a ba ni. In kuma takardar nan ta iso teburinka bayan Juma'a, a sa wani ya share mini ɓaraguzan wurin a leda. Akwai fili a gonata kusa da kabarin mahaifina.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin biyayya,
Saje Dawuda Sakaba (mai ritaya)