Kujera Ɗaya Tana Jiranki

Zuwa ga Habsatu, farar audugar Pitowa, sanyin kogin Binuwai da hantsi, mangwaron farkon shekara wanda ba a tayawa, giɗo am, masoyiyata!

Jam na, kina lafiya, ranki ya daɗe? Ni dai tun ranar Lahadi ban ƙara auna yadi daidai ba. Jiya na yanka wa wata hajiya atamfa har da gyara, ni Abdelkerim, da duk babbar kasuwar Garwa ta san ko zare ba na bari ya faɗi a banza! Kin ga abin da kika jawo mini?

Da kika ce in raka ki kallon hotunan da tsoho Dieudonné mai hoto ya ɗauka, na amsa da baki, amma a zuci dariya nake yi. Ni da nake cin abinci da launi, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, a kai ni kallon baƙi da fari? Kika ce ai hotunan har Faris ta Faransa sun je sun dawo. Na ce to, atamfa ma daga nesa take zuwa, kuma ba kowace ce ke jure wanki ba.

Na makara, na sani. Madam Hortense ce ta riƙe ni da ciniki. Na tarar da ke a ƙofar zauren kina fifita da gefen mayafi, fuskarki kamar hadarin Agusta a kan dutsen Tingilin. Kai, wannan fushi! Da ana sayar da shi, wallahi da na kwashe duka na rufe rumfa.

Muka shiga. Ga mata da ɗaurin ɗankwali kamar za su tashi sama, ga masunta rungume da giwan ruwa, ga samarin Mokolo da wando mai faɗin ƙafa, kowa ya ɗaga hannu don a ga agogonsa. Kin tuna na raɗa miki cewa agogon nan fa guda ɗaya ne, yawo yake daga hannu zuwa hannu? Kika mintsine ni. Sai Edwige, budurwar da ke yi wa baƙi bayani, ta ce gaskiyata ce: agogo, rediyo da babur duk na mai hoto ne, aro yake bayarwa. Ashe kakanninmu ma sun iya talla! Kika ƙyalƙyale da dariya har mai gadi ya leƙo, ni kuwa na ji kamar an ɓare mini rake a baki.

Daga nan muka iso hoton ƙarshe, wanda ya hana ni sukuni. Budurwa ce zaune gaban labule mai zane, ta dafa wata kujera da ba kowa a kai, tana dariya har wushiryarta ta fito. Edwige ta ce saurayinta ne ya yi alkawarin zuwa, ya makara, haske ya fara tafiya, sai yarinyar ta ce a ɗauka haka nan. Ba ki ko dube ni ba kika nuna budurwar kika ce, "Ga ni nan."

Habsatu! Na sha baƙar magana a kasuwa, daga Fulani, daga 'yan Kusiri, daga matan Duwala masu kaifin baki, babu wadda ta taɓa zaunar da ni sai wannan. Na juya na dube ki, sai launi ya ɓace mini. Ina koren mayafin? Ina jan lallen? Ban ga komai ba sai baƙin idonki da farinsa, kamar balbela ta gifta hadari, kamar nono a baƙar ƙwarya. Shekara da shekaru ina rantse wa mata cewa launi ne ado, ashe ke in an cire miki launi duka, babu abin da ya ragu!

Kin sha gaya mini ba za ki kai sunana gaban Baffanki ba sai ranar da na riga ki zuwa wuri. To, saurara.

Ranar Asabar za a rufe nunin hotunan. Tsohon zai rataya labulen nan nasa a tsakar gida, da kujeru biyu, ya ɗauki duk wanda ya zo, a liƙa hotunan a bangon ƙofa inda duk Garwa ke wucewa. Na je na same shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ni ba na jiran kowa. In inuwar darbejiya ta taɓa ƙafar kujera, zan danna." Na ce Baba, danna, ko da wa, ko ba kowa.

Zan rufe rumfa ranar Asabar, ranar da ciniki ya fi zafi! Malum mai takalma, maƙwabcina, ya riga ya shelanta wa layinmu duka, sun ce za su zo kallo. Tun kafin motar farko ta taso daga Pitowa zan kasance zaune, da farar riga, da agogon da ba na aro ba.

In ba ki zo ba, ni ne zan hau bango, dafe da kujerar da ba kowa, bakina a washe kamar kan akuya a tukuba, yaran lekol ɗinki, 'yan makarantarki, su zo su nuna ni da yatsa. Kina da zuciyar yi mini haka, ya hasken rumfata? In kuwa kin zo, sa duk zanen da kika ga dama, hoton ba ya faɗin launi. Ki zauna kawai, ki yi dariyar nan taki.

Useko, don Allah, kada ki rama. Ko kuma ki rama kaɗan, ki bar ni in yi gumi, amma ki iso kafin inuwar.

Naki wanda ba ya koɗewa, ko da wanki ko da rana,
Abdelkerim