Sai Ka Kai Ƙarar Gajimare

Lahadi, 8 ga Yuni

Yau ma shiru. Mutuniyar ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Wanda ya bar gida shi ya kamata ya fara kira, wannan ko yaro ya sani.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, kada wata rana a juya mini magana. Tun kafin damina take ce mini kwanon ɗakin ɗinkinta ya huje, in kira kafinta. Na fita tsakar gida na dubi sama, na ce mata ruwa da saura. Ni da na yi aikin hasashen yanayi har na yi ritaya, ai ba a gidana za a koya mini kallon hadari ba. Ba a rufa kwana biyu ba aka kece da ruwa. Ta wannan hujin ya bi, ya sauka a kan kekenta na ɗinki, wanda tun kafin aurenmu take da shi, ya kuma jiƙa yadin mutane. Da safe na same ta tana goge keken. Ni kuma don in sassauta zancen na ce, “To ni na kawo ruwan? Sai ki kai ƙarar gajimare.” Wasa fa nake yi. Ba ta yi dariya ba. Washegari ta hau jirgi ta tafi wurin 'yarmu Auta.

Na ci burodi da shayi. Jiya ma haka.

Talata, 10 ga Yuni

Auta ta kira. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wata uwa duniya, ranar Asabar da safe za su tashi. Wai mamanta ta ce in ban je da ƙafata na taho da ita ba, za ta bi su ta riƙe musu yara. “Shekara biyu fa, Baba. Don Allah ka taho gobe.”

Na ce gobe akwai hadari, jirgi ba zai tashi ba, amma Alhamis gari zai washe tas. Ta ce, “Baba…” Na ce ke likitar haƙori ce, ki tsaya a kan haƙori.

Shekara biyu. Ai ba za ta iya ba. Ko za ta iya?

Laraba, 11 ga Yuni

Rana ƙwal tun safe, ko ɗigo ba a yi ba. Hadarin ya ɗan makara ne, ba wani abu ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ya iso.

A filin jirgi nake wannan rubutu, littafin a kan gwiwata. Mun miƙa kaya, an duba mu har da cire takalmi, muna zama sai gari ya rufe kamar an kifa tukunya. Iska, walƙiya, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jirginmu yana can waje muna hango shi ta gilashi, ya jiƙe sharkaf kamar kazar da aka manta ba a shigar ba.

Lokaci-lokaci wata murya ta fito daga lasifika ta ce suna ba mu haƙuri. Haƙuri dai, haƙuri dai. Abin da ba a saye da kuɗi ai dole a yi ta rabonsa.

Wanda ke kusa da ni ɗan kasuwa ne, lema yake sayarwa, ya ɗauko samfur zai kai wa masu shaguna. Shi kaɗai ke murmushi a zauren nan. Duk tsawar da aka yi sai ya ce, “Alhamdu lillahi, kasuwa ta buɗe.” Na ƙi jinin mutumin nan tun kafin mu gama gaisawa.

Da abin ya ishe ni na je wurin matar da ke kula da fasinjoji, wata dattijuwa mai tabarau. Na raɗa mata suna Madam Haƙuri, don na gane muryarta ce a lasifika. Na ce ina neman diyya. Ta ce in jirgi ne ya lalace, ko ma’aikatansu suka yi sakaci, to akwai diyya, amma in yanayi ne kamfaninsu ba ya biya. Abin da muke da haƙƙinsa ko da wane dalili aka tsaya shi ne abinci, wurin kwana in an kai dare, da kuma a riƙa sanar da mu halin da ake ciki.

Na gyara tsayuwa na gaya mata ko ni wane ne. Na ce wannan hadarin duk mai ilimin abin tun jiya zai hango shi, don haka sakaci ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “To Baba, me ya hana ku tahowa jiya?”

Na ce ba wannan muke magana ba.

Da na koma kujera mai lema ya tambaye ni yadda aka yi. Na gaya masa. Ya kwashe da dariya har da buga cinya, ya ce, “Yallaɓai, sai ka kai ƙarar gajimare!”

Ban taɓa jin magana mai rashin tausayi irin wannan ba. Mutum yana cikin damuwa, abu mai muhimmanci na neman kuɓuce masa, kai kuma ka buɗe baki ka ce masa ya kai ƙarar…

To. An kawo abinci. Bari in ci.

Juma’a, 13 ga Yuni, da safe

An kwantar da mu a otal, mutum bibbiyu, don ɗakuna sun yi kaɗan. Kowa ya san da wa aka haɗa ni. Minsharinsa ya fi tsawar waje, kuma ita tsawar tana hutawa.

Ban sanar da Auta ba. Me zan ce? In ce hadarin Laraba ne ya zo Alhamis? Ta turo saƙo tana tambaya ko na sauka. Ina cikin tunanin amsar da ba za ta zubar da mutunci ba wayar ta mutu. Abin cajin yana cikin akwati, akwatin yana cikin jirgi.

Har yanzu ana ruwa.

Juma’a, da yamma

Mun koma filin jirgi, na kafa ƙungiyar fasinjoji masu neman haƙƙinsu. Aka zaɓe ni shugaba ba hamayya, don ni na kawo shawarar zaɓen. Muka tsara za mu tsaya a gaban Madam Haƙuri ba gusawa sai an biya. Ana fara rabon abincin rana mataimakina ya tafi bin layi, sakatare ya bi shi wai zai dawo da shi. Haka ƙungiyar ta watse. Mai lema kuwa har ya sayar wa ma’ajinmu da lema a tsakiyar taro.

Na tsaya ni kaɗai ina kallon matar nan. Gaskiya tun jiya ban ga ta zauna ba. Akwai wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ta nemo mata kujera mai taya, ta rufa mata bargo, ta durƙusa tana ba ta haƙuri kamar ita ta taka ta. Wani ya zagi Madam Haƙuri tas, ta ce masa ya yi haƙuri, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Na ce mata, “Baiwar Allah, jiya kin ce ba laifinku ba ne. To haƙurin na mene ne?”

Ta ce, “Baba, ba mu muka kawo ruwan ba, amma a hannunmu ya same ku.”

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Ni kuma na bi ta da kallo.

Ana haka aka sanar an soke tafiyar gaba ɗaya. Mai so a mayar masa da kuɗin tikiti, mai so a ba shi kujera ranar Lahadi. Lahadi! Su Auta gobe da safe za su tashi. Na tambayi hanyar mota, aka ce tafiyar kwana biyu ce, ga shi ruwa ya shanye gada. Sai na dafa bakin tebur. Tsoro na ji, tunda ba mai karanta littafin nan sai ni. Na hango kaina shekara biyu ni da burodi, da ɗakin ɗinki ba motsin kowa a ciki.

Madam Haƙuri ta lura. Ta ce, “Baba, kun sanar da masu jiranku?” Na ce wayata ta mutu. Ta turo mini wayar teburinta ta ce wannan ma haƙƙina ne. Haƙƙi kuwa ba na barinsa, sai na karɓa.

Matsalar ita ce wayar mai igiya ce, ba ta barin teburin, ga layi a bayana har bakin ƙofa, mai lema a sahun gaba ya baza kunne.

Auta ta ɗauka, ta fara faɗa, na ce ba ni mamanki. Aka miƙa wayar, sannan na ji numfashinta. Na san numfashinta.

Na ce an soke jirgi saboda yanayi. Ta ce, “Ashe.” Na ce ba zan iso kafin su tashi ba. Ta ce, “Allah ya kyauta.” Na ji tana shirin ajiyewa. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Maganar keken nan. Ba ni na kawo ruwan ba, amma a gidana ya same ki. Ki yi haƙuri.”

Mutanen layin bayana suka matso. Can ta ce, “Malam, wa ya koya maka wannan?”

Na ce kamfanin jirgi.

“Me kuma suke ba mutane bayan haƙurin?”

Na ce abinci, da wurin kwana, da labarin halin da ake ciki.

Ta ce, “To ka gaishe su.” Ta kashe.

Mai lema ya share ido da hannun riga, sannan ya ce zai yi mini ragi a kan lema. Na sayi ɗaya don ya ƙyale ni. Ragin ma ƙarya ne.

Asabar, 14 ga Yuni

Gida. Na yi caji. Saƙon Auta: “Mun tashi lafiya, Baba.” Su wa da wa? Ba ta faɗa ba. Na rubuta tambayar na goge, na sake rubutawa na goge.

Na shiga ɗakin ɗinki. Ashe hujin ya kai girman tafin hannu. Keken ya fara tsatsa. Ban taɓa lura ba, wajen da take ɗora hannu fentin ya goge har ƙarfe ya fito.

Na kira kafinta. Lokacin gyaran ne ya yi, shi ke nan.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mutuniyar ta kira! Wato an kira. Tana gidan ƙanwarta a can garin, ba ta bi su ba. Ta ce kada in yi saurin murna, ita fasinja ce da aka jinkirta, tana jiran sanarwa. In wurin kwana ya gyaru a gaya mata. Na ce kafinta ya ce ƙaramin aiki ne. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a duba har da kusurwar bayan ƙofa.

An duba. Akwai huji a can ma.

Laraba, 18 ga Yuni

An gama kwano. Na kai keken wurin mai gyara a bayan kasuwa, na tsaya a kansa har ya ce in ba shi wuri ya yi numfashi. Kullum da safe ina kiranta in ba ta rahoton aiki. Ta ce rahoto kawai aka ce, ba a ce da hasashen yanayi ba.

Kamfanin jirgi sun mayar mini da kuɗin tikiti. Maganar diyya na bar musu, ba don ba ni da hujja ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Yau ta dawo.

Da safe na dubi sama, na tabbata ba ruwa yau ko na magani. Na ɗauki lemar dai, don kada kuɗina ya tafi a banza. Na kuma dafa shinkafa na zuba a kula. Ta ɗan kama, amma daga ƙasa ne.

Jirginta ya makara sosai, saboda ruwa. Na zauna na jira. Wani saurayi yana ta ɗaga wa Madam Haƙuri murya a kan diyya, na ce masa ya zauna, ɗana, ai ba ita ta kawo ruwan ba. Ta gane ni, ta ce, “Shugaba, ina ƙungiya?” Na ce an tafi hutu.

Da mutuniyar ta fito ta miƙo mini jakarta. A bakin ƙofa ana ta sheƙa ruwa. Na buɗe lemar, ashe ta mutum ɗaya ce, macucin nan bai gaya mini ba. Kafin mu kai wurin mota na jiƙe har cikin takalmi, ita kuwa ko gyalenta bai taɓa ruwa ba.

A mota ta dube ni ina ɗiga, ta ce, “Malam, me hasashe ya ce yau?”

Na ce ban duba ba.

Yanzu haka ina jin ƙarar keken daga ɗakin ɗinki. Ina atishawa, kuma na san daga ina murar ta zo, amma ba zan kai ƙarar kowa ba.