Jariri a Tsohon Allon Baba

Alhamis, bayan isha'i, Barnawa

Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Gobe da safe sunan ɗan Yaya Sani a ƙasar waje, kuma mahaifiyarmu Hajiya ta dage sai ta ga jikanta ta bidiyo. Idonta ba ya ganin komai a ƙaramin allon laftof ɗina, shi ya sa na sauko da tsohuwar monitar marigayi Baba, wato babban allon kwamfutarsa. Wayar monitar mai shuɗin kai ce, sabon laftof kuwa ba shi da ramin da za ta shiga.

Na hau keke zuwa Sabon Tasha na sayo adaftar da za ta haɗa su, na dawo na jona. Allo baƙi ƙirin. Hajiya ta ce, "Ke Bilki, ko dai kin kashe kayan ubanki?" Kamar in fashe da kuka.

Na koma shagon a fusace. Oga Bitrus mai shagon ya juya adaftar ya ce, "Madam, wannan ta tsohuwar kwamfuta ce zuwa sabon allo, ke akasin haka kike so." Ashe abin hanya ɗaya yake bi. Ya canza min da wadda ta dace, na dawo gida na jona.

Ana kiran magariba allon ya kawo. Na buɗe hoton jaririn, Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Sannan ta ce, "Kunnuwan Alhaji ne." Baba take nufi.

Ko shara na hana a yi kusa da wayar nan. Saura wuta. Ya Allah, kada a ɗauke ta gobe da safe.