Usainina na Cikin Kwamfuta

Bishkek, 28 ga Mayu

Zuwa ga matata Burul,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin mahaifiyata Apa da gwiwar tata? Ɗanmu Aktan fa, haƙoran sama sun fito? Na ji kun hau makiyayar saman dutse da dabbobi, can kuwa na san ba sabis, shi ya sa na ba direban motar Osh wannan takarda.

Gara in faɗa miki tun daga farko, ban fara aiki ba. Gwajin tuƙi kam na ci shi tsaf. Wanda ya shekara goma sha biyu yana hawa duwatsun Alai da babbar mota, bas ɗin lantarki ce za ta gagare shi a titi kamar faranti? Agogo ne ya tsayar da ni. A sabon birnin da ake ginawa bayan gari, kowane direba sai an ɗaura masa agogo mai ƙirga bugun zuciya da barci da duk inda ya taka. Abin da ya ji sai ya kai wa wani mutum da suka zana a kwamfutar asibiti, wai shi ne ni. Likita Ainura ta juyo min da allon, na ga mutum ba fuska ba wando, zuciyarsa tana motsi. Ta ce, "Baike," wato yaya, "ga ɗan'uwan tagwaitakarka." Na ce to, ashe ni Hasan ne ban sani ba, shi kuma Usaini.

Usainin nan jajir yake a allo. Wai jininsa ya yi kauri, zuciyarsa tana bugawa a hankali, zai iya sumewa da mutum sittin a mota. Ni da ko allura ba a taɓa yi min ba! Muddin bai koma kore ba, ba za a ba ni mota ba.

Ki gaida Apa, amma kada ki gaya mata tukuna.

Mijinki,
Toktosun

Bishkek, 3 ga Yuli

Burul,

Ina gaishe ki da kowa na gida, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake, duk da asibiti ba su yarda ba. Busasshen cukun da kika aiko ya iso, na gode. A ɓoye nake ci, don an hana Usaini gishiri.

Ki ji abin haushi. Likitar da bakinta ta ce lafiyata ƙalau. Kakanta ma mutumin duwatsun Narin ne, ta san duk wanda ya tashi a saman duwatsu haka jininsa yake, saboda ƙarancin iska. Na ce to 'yar'uwa, ki gyara shi mana, ba ga madannai nan a gabanki ba? Ta ce ba ta da iko. Ma'aunin ɗaya ne ga dukkan biranen da suka shiga tsarin, don direba ya iya barin wannan gari ya koma wancan da takardarsa, kuma da jikin mutanen kwari aka auna shi. Ta rubuta musu ƙorafi a gabana. Kafin in gama ɗaure takalmi amsa ta dawo, wai sun gode da tuntuɓarsu.

Shawararta ita ce in jira, wai in mutum ya daɗe a ƙasa jininsa yana tsinkewa da kansa. To ina ta jira. Sati biyar ke nan ina kwana a falon yayanki Satkin. Shi bai ce komai ba, amma matarsa ta fara ajiye kofin shayi da ƙarfi. Jiya da muna cin abinci ya ce, "Suruki, kai ne na farko da aka hana aiki don lafiya ta yi masa yawa." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi tawa ta yaƙe ce. Shi ya tsaya min a wajen manajan kamfanin bas, kunyarsa nake ji.

Ba abin da ban yi ba. Na je na ba da jini kyauta don ya ragu. Ina ɗirkar ruwa kamar raƙumi. Na bar shayi mai gishiri, ina shan wani ruwan ganye mara daɗi. Agogon ya yi ta zungurina, tashi ka yi tafiya, zauna ka huta, kwanta. Ko Apa ba ta taɓa juya ni haka ba. Ni ne mai jikin, amma sai an tambayi Usaini yadda na kwana. Na gaji, Burul, kuma ina kewarku.

Naki,
Toktosun

Bishkek, 19 ga Agusta

Burul tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Apa da Aktan. Takardarki ta same ni, na karanta ta sau uku.

Usaini ya koma kore ranar Litinin. Sun ba ni bas mai lamba tara, na fara fita jiya. Satkin ya sayo nama, matarsa har da yi min murmushi.

Kin ce Aktan ya yi taku uku ya faɗa jikin Apa. Kin ce ta riga ta murza zare baƙi da fari na ɗaure masa ƙafa, kamar yadda muke yi in yaro ya fara tafiya, an ware rago, yaran makwabta suna ta gwada gudu don a ga wanda zai riga ya yanke zaren, ni kaɗai ake jira. Na so a ce ina da wata amsar.

Kafin su ba ni makulli sai da na sa hannu a wata takarda. Agogon ya san tsayin duk inda nake. In na kwana sama da mita dubu biyu, ko dare ɗaya ne, za a ɗauka jinina ya koma yadda yake, a dakatar da ni sati shida a sake gwaji, motar kuma a ba na bayana a layi. Gidanmu ya haura dubu uku. Na ce in bar agogon a nan fa? Cire shi fiye da awa ɗaya daidai yake da barin aiki. Na ce wa likitar, "Ke nan gidan ubana ya zama cuta?" Ta kalli allon, sannan ta ce za ta sake rubuta musu.

Kada ku riƙe yaron saboda ni. Apa za ta ce ba a yi ba uba, ki lallashe ta, ki ce ni na ce. Ku ɗaure masa zaren ranar Juma'a, yara su yi tserensu, a yanka ragon. Ki tsaya a inda ya kamata in tsaya, ki miƙa masa hannu ya tako. In kin sauko inda ake samun sabis, ki turo min hoton.

Mijinki,
Toktosun