Gefen Hagu na Allo

Litinin, 16 ga Satumba, 2024
An koma makaranta. Ajin lissafi mai zurfi na 'yan aji shida bai cika benci uku ba, sauran duk sun gudu. Ban ga laifinsu ba. Na fara da layi miƙaƙƙe, y = mx + c, abin da na rubuta a allo tun kafin a haife su. Ruwa ya sauko a kan kwano, ni ina ihu, su suna kallon bakina. Na dawo gida Narayi a jiƙe, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Matata, Maman Nelson, ta ce in ci tuwo kafin in kwanta. Ban ci ba. Shekara biyu ta rage in yi ritaya, Allah ya kai mu.

Alhamis, 19 ga Satumba
Ina nuna musu yadda gangarar layi biyu da suka haɗu a tsaye take ba da −1 idan an ninka su, sai Amina ta ɗaga hannu. Ita ce mai zama a gaba, 'yar wani direban tirela a Kudenda, kanta na ja sosai. Ta ce, "Sa, ka yi rubutu a kan wanda ka rubuta ɗazu." Na juya, haka ne kuwa. A gefen hagu na ɗora lissafi a kan lissafi. Na ce allon ne ya koɗe, suka yi dariya. Allon ya koɗe ɗin, wannan ba ƙarya ba ce.

Asabar, 28 ga Satumba
Na faɗi da mashin a kwanar shiga unguwa. Wai mai Keke Napep ya fito ta hagu yana ta hon. Ban gan shi ba sai da muka haɗu. Gwiwa ta kuje, madubi ya fashe. Maman Nelson tana wanke ciwon da ruwan zafi tana cewa, "Baban Nelson, wannan na biyu ke nan. Ka je a duba idon nan." Na ce mata masu keken garin nan ba su da hankali. Sai ta danna tsumman da ƙarfi.

Laraba, 2 ga Oktoba
Da'ira. Kamfas ɗin allo ya ɓace, na zana da hannu, ta fito kamar ƙwai. Na gaji.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Madam Gloria, shugabar makaranta, ta ce in fitar da mutum ɗaya da zai wakilce mu a gasar lissafi ta jiha. Wanda ya yi fice akwai tallafin karatu a jami'a. Na yi musu gwaji a kan layi da da'ira. Na duba takardun a ofishin malamai, fitila babu, taga ɗaya. Ayuba ya zo na ɗaya, Amina na biye da shi da tazara kaɗan. Na yi mamaki, don ta faɗi tambayar cibiyar da'ira, wadda na ɗauka ko a barci za ta amsa. Na miƙa sunan Ayuba.

Talata, 15 ga Oktoba
Na raba takardu. Bayan an tashi Amina ta tsaya a bakin tebur, takardar a hannunta. Tambayar ita ce x² + y² + 6x − 4y − 12 = 0, a nemo cibiya da rabin faɗi. Amsa (−3, 2) da 5. Ni na ga 3 a takardarta, na ja jan biro na soke duka. Ta ce, "Sa, ga alamar cirewar nan." Na duba, babu. Ta sa yatsa a wurin. Na karkata kai zuwa hagu kamar kaza na kallon hatsi, sai ga ta, ɗan gajeren layi a bakin takarda, da wasu layuka biyu na aikinta a ƙasa da ban taɓa gani ba. Da a ce na ba ta makin, da ta wuce Ayuba.
Na ce zan duba. Abin da na iya cewa ke nan. Ta ce, "To, Sa," ta fita.
Ban iya hawa mashin ba sai da na zauna a ƙarƙashin mangwaro na ɗan lokaci.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Asibitin ido, ni da Maman Nelson. Layi tun safe. An sa ni na leƙa cikin wani abu kamar ƙwarya, in danna idan na ga ɗigon haske. Na daɗe ban danna ba, ina tsammani injin bai fara ba. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarmu Debby shekaru ba. Ta ce gilakoma ce, hawan jinin ido. Na hagu ya tafi da yawa, na dama ya fara daga gefe. Na tambaye ta tabarau fa. Ta ce, "Baba, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage za mu tsare." Maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rai. Kuma ba mashin.
A hanya Maman Nelson ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na je wurin Madam da takardar Amina da ta asibiti. Ta karanta duka biyun a tsaye. Ta kira masu gasar a gabana, aka ce an rufe sunaye tun makon jiya, an buga katin shiga. Ta roƙa, ta sake kira. Ba su yarda ba.
Sannan ta ce, "Malam Shekari, zan haɗa ka da Ernest." Ernest sabon malami ne, bara ya gama bautar ƙasa, yana koyar da 'yan ƙananan aji. Na ce ba na buƙatar ɗan jagora. Ta ce ba tambayata take yi ba.

Laraba, 23 ga Oktoba
Na faɗa wa ajin. Na ce Amina ce ta ci gwajin, idona ne bai ga aikinta ba, kuma ba a iya canza sunan. Ayuba ya sunkuyar da kai, ya ce shi zai fasa. Na ce in ya fasa babu mai zuwa, ya je ya yi abin da zai iya. Amina ta tashi. Ta koma bencin baya.
Ernest na zaune a ƙarshen aji da littafinsa. Ban kalle shi ba. Ko da yake ta hagu yake, ko na so ba zan gan shi ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Maganin yana da zafi. Farabola yau. Na ce su tuna farantin dish da ke kan rufin gidaje. Ban ji daɗin darasin ba, su ma haka.

Talata, 29 ga Oktoba
Elifs, mai siffar ƙwai. Na san ba zan iya zana ta a takardar giraf ba, ƙananan layukan sun zama hazo. Na ɗauko falanki daga wurin kafinta, na buga ƙusa biyu, na ɗaura zare sako-sako a tsakaninsu. Na ja zaren da alli na zagaya. Hannu ya san hanya, ba sai na gani ba. Na ce musu duk inda allin ya tsaya, nisansa daga ƙusar nan haɗe da nisansa daga waccan bai canza ba, tsawon zaren ne. Suka taso suna rige-rigen gwadawa. Daga baya na ji murya, "Sa, in aka matso da ƙusoshin suka haɗe fa?" Amina ce. Na ce ta zo ta gani. Ta cire ƙusa ɗaya, ta ɗaura bakin zaren biyu a kan ɗayar, ta zagaya. Da'ira ta fito. Ta ce, "Ashe ita ma elifs ce." Ba ta yi murmushi ba, ta koma baya. Amma ta yi magana.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Ayuba ya je gasar, bai kai zagaye na biyu ba. Baban Amina ya zo gida da yamma, dogon mutum, da warin man dizal a rigarsa. Na ɗauka faɗa ya kawo, na shirya in sha. Ya zauna ya ce, "Malam, yarinyar ta yi kuka kwana biyu. Ni ma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba." Sannan ya ce so take ta karanta injiniya, shi bai san hanyar ba, in taimaka mata ta ci jarrabawar ƙarshe da kyau. Na ce zan yi. Ya tambayi idon. Ya ce mahaifiyarsa ma haka ta yi.
Bayan ya tafi na daɗe a kujera. Da ya zage ni da na san abin da zan yi da kaina.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Haifabola tana da reshe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma ba na iya ganin su tare. Na zana na dama, na tsaya da alli a hannu. Ernest ya taso ba tare da na kira shi ba, ya ce, "Baba, kawo in ƙarasa." Na ba shi don kada a yi abin kunya a gaban yara. Ya zana, ni ina bayani daga bakin taga. Yana da sauri, yana tsallake matakai, sau biyu na ce ya dawo baya. Amina ce ta gaya masa reshensa ya taɓa layin da bai kamata ya taɓa ba. Ya goge ya gyara, yana dariya.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Ernest ya karanta mini takardun gwaji da baki, ni ina faɗin maki. Mun gama kafin a tashi, kaina bai yi ciwo ba. Ya tambaye ni yadda ake sa yara su gane dalilin da ya sa reshen ke matsowa kusa da layin amma ba ya taɓa shi. Muka zauna a kai har mai gadi ya zo rufe ofis. Ba laifi, yana saurare. Har yanzu ban ce na yarda da tsarin Madam ba.
Na ce wa Maman Nelson ta ƙara doya a kular abincina ranar Litinin. Ta ce ta wa? Na ce yaron nan Ernest ba ya karyawa kafin ya shigo aji, hannunsa na rawa, layi sai ya karkace. Saboda layin ne kawai. Ta ce to, ta ji, in ɗaga kai ta ɗiga mini magani.