Ranar da Numfashin Tsohuwa Ya Sarƙe

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiyata ƙalau.

Shekaranjiya ina ba tsohuwar da nake jinya abinci, numfashinta ya sarƙe. Na kira asibiti, nan kuwa sai da Turanci. Turanci ya raba abin da mutum yakan yi da abin da yake yi yanzu, ni kuwa na cakuɗa su. Ina nufin "ba ta numfashi," ashe cewa nake "ba takan yi numfashi sosai ba." Matar da ta ɗauki wayar ta ce, "To, ku zo ganin likita gobe." Sai da na kara wayar a bakin tsohuwar, ta ji kakarinta, sannan ta turo motar asibiti.

Tsohuwar ta rayu, alhamdulillahi. Amma ɗanta ya ce sai ya yi tunani a kan aikina, takardar zamana a ƙasar nan kuwa da aikin take haɗe.

Yanzu ko wanke-wanke nake, bakina na maimaitawa da Turanci: nakan wanke, ina wankewa.

Kada ki gaya wa Inna, ki ce ta sa ni a addu'a kawai. Gobe ake sallamo tsohuwar, kuma daga ni sai ita a gidan.

Ƙanwarki.